Tafkin da Inna Ta Manta

Ottawa, 9 ga Janairu

Ɗana Aipili,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Sipora da gwiwar nan tata da ba ta jin magani. Kifin da ka aiko ta hannun Mosesi ya iso a daskare. Na je masaukin marasa lafiya na karɓa, na tarar an gama yi masa aikin idon, yana ta tsokanar ma'aikata. Da na koma gida ko rigar sanyi ban cire ba, na shimfiɗa kwali a ƙasa na yanka shi ɗanye na ci. Maƙwabciyata ta leƙo ta gan ni, ta tambaya ko murhuna ne ya lalace.

Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya. Shekara goma sha ɗaya a nan kudu, nesa da garinmu na can ƙuryar arewa, har yau ƙafata ba ta saba da kwalta ba. A ofis kuwa ba su daina dariya ba in na ce zan rubuta wa ɗana, don sun san shekarata talatin da huɗu, sun kuma ga hotonka da furfura. Na gaji da yi musu bayanin cewa ta jini kakana ɗan baffan mahaifinka ne kawai, amma an haife ni a makon da mahaifiyarka ta rasu, aka sa mini sunanta, shi ke nan a al'adarmu na zama ita. Yanzu sai in ce musu da wuri na fara, in ci gaba da aikina.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na'urar awon kaurin ƙanƙara da kake ja a bayan baburinka na kan ƙanƙara shekara uku ke nan, duk abin da ta auna yana kan teburina, ni ce mai tsara shi. Dokta Marchand, shugaban aikin, ya ce waɗanda suka ɗauki nauyinmu sun gindaya sharaɗi: a ƙarshen Fabrairu a ɗora komai a rumbun intanet, inda kowa zai shiga ya ɗauka ba tare da neman izini ba. Ka san ina goyon bayan wannan. Shekara nawa masu bincike suna zuwa su zauna da dattawanmu, su sha shayinmu, su kwashe magana su tafi, ba mu sake jin ɗuriyarta ba? Muryar kakata tana kulle a wata durowa a garin nan, sai da na cika takarda uku kafin a bar ni in saurare ta. Kuma tun da ƙanƙara ta rufta da ƙaninka Lukasi a mashigin teku na yi alkawarin duk mai fita kan teku zai san inda ƙanƙara ta yi laushi.

Abu ɗaya nake so ka sani. Na'urar ba kauri kaɗai take rubutawa ba. Tana rubuta duk hanyar da ka bi, da inda ka tsaya, da tsawon lokacin da ka yi a tsaye. Ka sa hannu a takardar yarda a ɗakin taro tun farko, ni na karanta maka. Duk da haka ina tambayarka: in akwai abin da ba ka so a fitar, ka faɗa mini kafin ƙarshen Fabrairu.

Ka gaida matar ɗana, ka ce ta daina hawa matakalar kanti da kaya.

Uwarka,
Ulayu

Daga gida, 2 ga Fabrairu

Inna,

Na gaishe ki. Takardarki ta yi kwana goma sha tara kafin ta shigo hannuna. Guguwa ta hana jirgi sauka kwana shida, sauran kwanakin kuma a aljihun Mosesi ta yi su. Ido aka gyara masa, ba kai ba.

Muna lafiya. Rana ta leƙo shekaranjiya bayan doguwar duhun hunturu, ba ta daɗe ba ta koma, kamar baƙon da ya zo a makare. Sipora ta ce in faɗa miki ta ji umarnin surukarta, amma in surukar tana so a daina hawa matakala, to ta aiko da wanda zai hau. Kunnena na hagu ya ƙarasa mutuwa. Likitar da ta zo ta ce ƙarar babur da bindiga ne na shekara hamsin. Na ce mata ai na dama ma ya gaji da jin abin da mutane ke faɗa. Don haka kada ki wahalar da kanki da waya, takarda ta fi mini.

Jiya ina gyaran raga sai na tuna da ke, lokacin da kike babba. Kin tuna shekarar da masu taswira suka zo? Ba za ki tuna ba, bari in tuna miki. Sun shimfiɗa takarda mai faɗi a makaranta, suka ce kowa ya nuna inda yake farauta da kamun kifi, don gwamnati ta san wace ƙasa ce tamu. Kika nuna musu bakin kogi, kika nuna musu tsibiran ƙwai, kika nuna musu inda aka haife ni. Sai wani dogo mai gemu ya ce, “Wannan jan kifin da kuka ba mu jiya fa, daga ina yake?” Kika dube shi kika ce, “Na manta.” Ya ce wa tafinta, “Tambaye ta, yaya mutum zai manta inda yake samun abinci?” Kika ce, “Tsufa.” Shekararki arba'in da shida a lokacin, haƙoranki sun fi nasa ƙwari. Dariya muka yi ta yi har gida.

Tafkin nan ƙarami ne, Inna. Mutum zai zagaye shi kafin shayi ya huce. Kifinsa ba ya saurin girma, wanda ya kai tsawon hannu ya girmi wasu jikokina. Gida biyar ne ke ci daga cikinsa, buhu ɗaya ɗaya a shekara, kamar yadda kika tsara. Ban san abin da ya sa duk wannan ya faɗo mini ba. Zaman gyaran raga ne, yana sa mutum surutu.

Zancen takarda kuma, na sa hannu, ke kika karanta mini. Ke kika san aikinki.

Ɗanki,
Aipili

Ottawa, 6 ga Maris

Ɗana,

Ina gaisuwa. Na ji zafin zancen kunnen. Ka nemi a saka sunanka cikin masu jiran abin jin da ake sawa a kunne, kada ka ce za ka bari sai bazara, na san halinka.

Gajeriya ce wannan, don makon nan ban san inda kaina yake ba. An ɗora komai ranar ashirin da takwas. Takardarka ta same ni saura kwana goma, na ga ka ce ni na san aikina, sai hankalina ya kwanta. Layi dubu ɗari huɗu na bi ɗaya bayan ɗaya, idanuna har yanzu lambobi suke gani in na rufe su.

Labarin masu taswira ya ba ni dariya har na fassara wa Dokta. Ya yi ta ƙyaƙyatawa, ya ce in ka yarda zai buɗe jawabinsa da shi a taron da za a yi a Norway. Ashe tun can ni mai taurin kai ce.

Ga kuma abin da zai faranta maka rai. Wata mata daga garin da ke arewa da ku ta rubuto. Ta ce mijinta ya duba taswirar kafin ya fita, ya ga layinka ya nuna mashigi ya yi siriri wata guda kafin lokacinsa, sai ya zagaya ta tudu. Kwana biyu bayan haka wurin ya buɗe, ruwa baƙi ƙirin. Na karanta saƙon sau uku a ofis, na shiga banɗaki na yi kuka. Da Lukasi ya samu irin wannan, da yanzu yana nan yana cinye maka sukari.

Uwarka,
Ulayu

Ottawa, 20 ga Mayu

Ɗana,

Lafiya kuwa? Wata uku ban ji daga gare ka ba. Mutum uku daga gida sun zo asibiti, na je na gaishe su duka, ba wanda ya zo da takarda. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, Rhoda, ta ce ta gan ka a coci, lafiyarka ƙalau, sai ta shiga zancen tsadar madara. Na san wannan irin sauya zance, ni ma 'yar gida ce.

In na yi wani abu, ka faɗa mini. In kuma kana can kan ƙanƙara ne kana kamun kifi ka manta da tsohuwarka, to Allah ya ba da sa'a, a ajiye mini kai da ciki.

Ulayu

Daga gida, 11 ga Yuni

Inna,

Na gaishe ki. Muna lafiya. Gwiwar Sipora ta yi sauƙi da ɗumin nan. Ba ki yi komai ba. Na fara rubuta miki sau uku ina yagawa, shi ya sa.

Ranar tara ga Mayu muka tafi tafki ni da Sipora, kamar kowace shekara. Tun daga kan tudu ta taɓa kafaɗata, don ita ta ji ƙarar, ni ban ji ba. Da muka gangara sai ga ƙaramin jirgin sama zaune a kan ƙanƙarar, da babban tanti ruwan lemo, da mutum shida. Sun huda ramuka da inji. Na ƙirga ashirin da biyu na daina.

Mutanen kirki ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun ba mu kofi. Jagoransu ya zo da fara'a ya ce, “Baba, kai ma ka san wurin nan?” Na ce na taɓa wucewa. Sai ya fito da waya ya nuna mini wani jan layi, ya taso daga bayan gidana, ya bi teku, ya hau tudu, ya tsaya daidai inda muke tsaye. Ya ce, “Dubi nan. Masu awon ƙanƙara ne suka saka. Duk inda mutumin nan ya je minti goma yake yi, amma nan sai ya wuni, shekara uku a jere. Na ce wa abokin aikina, ba ƙanƙara yake aunawa a nan ba. Ko waye shi, ya san ƙasar nan. Ka san shi?” Na ce na san shi, wani tsoho ne marar wayo. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Na tambaye shi ko yana da izini. Ya nuna mini takarda da hatimi. Tafkin ba ya cikin ƙasar da aka rubuta tamu ce, tun da ba a taɓa nuna shi a taswira ba. Na gwamnati ne, duk mai lasisi zai iya sauka.

Ba cin kifin ma suke yi ba, Inna. Su jawo shi, su ɗaga shi sama a ɗauki hoto, wannan ya karɓa shi ma a ɗauke shi, sannan su mayar da shi rami su ce sun sake shi. A iskar nan, idonsa ya riga ya daskare. Na leƙa wani rami na ga uku sun juya ciki sama. Sipora ta ce da harshenmu, “Ku dubi manyan banza suna wasa da abinci.” Ɗayansu ya tambaya me ta ce. Na ce ta ce kofin ya yi daɗi.

Ba mu jefa ƙugiya ba. A hanyar dawowa muka tsaya shan shayi, sai ta ce, “Uwarka ta da ta kulle bakinta har ta shiga kabari. Ta yanzu da yatsa ɗaya ta buɗe.” Na ce ta yi shiru, ba a magana haka a kan suruka. Ta ce, “To kai da ke da baki me ka yi da shi?” Na rubuta miki wannan ne don ta ce in ban rubuta ba ita za ta rubuta, kuma nata zai fi zafi.

Na ji daɗin labarin mutumin da ya zagaya ta tudu. Da gaske nake.

Ɗanki,
Aipili

Ottawa, 24 ga Yuli

Ɗana,

Ina gaisuwa, in har gaisuwata tana da sauran daraja. Lafiyata ƙalau, barci ne dai babu.

Da na karanta takardarka fushi na fara yi, ba zan ɓoye maka ba. Na ce a raina, na tambaye shi ƙiri-ƙiri, me ya hana shi cewa a cire tafkin? Sai na ɗauko ta watan Fabrairu don in kafa hujja da ita. Na karanta sau ɗaya na ajiye. Ashe ka riga ka faɗa mini, Aipili. Shafi guda ka cika kana faɗa mini. Da ina da shekara goma sha biyu aka ba ni wannan labarin a ɗakin kakata, da tun kafin a kai ƙarshe na gane. Amma na zauna cikin mutanen da in ba su ga a'a a rubuce a cikin akwatin da aka tanada ba, to e ce. Na karanta ka da idonsu, har na kai musu labarin suka yi dariya.

Washegari na shiga ofishin Dokta. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, “Ulayu, ai ya sa hannu.” Na ce, “Ya sa hannu ne don ni na miƙa masa biron.” Ya ce, “To da wa ya kamata ya miƙa masa? Mun ɗauke ki ne don sun yarda da ke.” Na ce, “Shi ne matsalar.” Ba mugu ba ne. Ya fasa zancen jawabin Norway da kansa, ban roƙe shi ba.

Mako biyar aka yi ana zama kafin a yarda in cire duk abin da na'urar ta rubuta a kan tudu, a bar na teku. Akwai wanda ya ce in aka fara cirewa, gobe kamfanin haƙar ma'adinai ma zai ce a cire nasa. Ban ce ba shi da gaskiya ba, na ce dai tafkin ba nasa ba ne. An cire ranar Litinin. Amma kafin nan an sauke shi daga intanet sau ɗari biyu da goma sha biyu, kuma ba wanda ya san su waye, don haka aka gina rumbun. Na duba shafin masu jirgin, har sun fara karɓar sunayen masu zuwa baɗi. Ruwan da ya zube ba ya kwasuwa.

Daga yanzu kwamitin mafarautanku zai ga komai kafin a ɗora, kuma ba ni zan riƙa karanta wa dangina takardar yarda ba. Dokta ya ce tsari ne mai kyau, in rubuta maƙala a kansa. Ka ji, har kuskurena zai zama takarda.

Ban san yadda uwa ke ba ɗanta haƙuri ba, ba a koya mini ba. Ka yafe mini. Kuma ina da tambaya ɗaya: za ka ci gaba da jan na'urar in ƙanƙara ta kama? In a'a ne, don Allah ka rubuta kalmar. Kada ka ba ni labari.

Ulayu

Daga gida, 3 ga Oktoba

Inna,

Na gaishe ki. Muna lafiya. An kawo abin jin, na saka kwana biyu na cire, ashe duk shekarun nan firij ɗinmu ƙara yake yi. Sipora tana gaishe ki. Ta ce abin da ta faɗa a hanya ta faɗa, ba ta janye ba, amma ta ɗinka miki safar hannu, tana cikin kwalin.

Kin ce in rubuta kalmar. Na zauna da biro na gwada, hannun ya ƙi. Shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa ce miki a'a ba, ko lokacin da kike babba ko yanzu. Ranar da aka kawo ki daga asibiti goye a cikin hular rigar mahaifiyarki, ni na fara leƙawa na ce, “Kin dawo?” Wanda ya yi wannan ba ya komawa baya. A gidanmu ɗa labari yake bai wa uwarsa, ita kuma ta ji. Na ɗaga murya iyakar yadda na iya. Da na san kudu ta taɓa miki kunne kamar yadda babur ya taɓa nawa, da na sa Sipora ta rubuta. Laifin namu ne mu biyu, kada ki ɗauke shi ke kaɗai, ya yi miki nauyi. Zancen yafiya kuma ki bar shi, ba ya cikin abin da ke tsakaninmu.

Na'urar zan ci gaba da ja. Ba don Dokta ba, don mashigin yana nan, kuma kowace shekara yana ƙara lalacewa. Amma a teku kawai. In na iso gaɓa zan kwance ta in ajiye a kan dutse, ta zauna ta rubuta cewa tsohon yana nan zaune. In kin ga haka a lambobinki, kada ki ɗauka ta lalace.

Masu jirgin sun dawo sau uku kafin ƙanƙarar ta narke. Mun zauna mu gida biyar muka ce ba mai sake zuwa can, ko kifin zai samu sauƙi ta ɓangare ɗaya. Ban sani ba ko zai ishe shi. Ba na jin zan sake ganin wurin, kuma na fi so in tuna shi babu ramukan.

A watan Agusta muka ɗauki kwalekwale ni da Sipora muka yi kwana goma sha ɗaya muna yawo, ita da gwiwa, ni da kunne. Mun hau tudu huɗu a banza. A na biyar muka samu wani tafki. Ya fi wancan nisa, kifinsa bai kai wancan ja ba, amma akwai shi, zai riƙe gida biyar in an bi shi a hankali. Ba mu je da waya ba, ba mu je da komai mai batir ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, kuma shi ne karo na farko da na roƙe ki wani abu kai tsaye. In kin zo hutun Kirsimeti za mu ci kifin sabon tafkin tare a ƙasan ɗaki, za ki ji daɗinsa, kuma na san bakinki. Kada ki tambaye ni inda yake, Inna. In kin tambaya zan faɗa miki.

Ɗanki,
Aipili